Ladabtar da sojojin da suka ƙi allurar rigakafin dole

Ladabtar da sojojin da suka ƙi allurar rigakafin dole na nufin matakan horo da hukuncin da rundunar soja ke ɗauka a kan sojan da aka umarce shi ya karɓi rigakafin wata cuta amma ya ƙi. A ƙasashen da ke tilasta wa sojojinsu rigakafi, ba a ɗaukar wannan ƙin a matsayin magana tsakanin likita da majiyyaci. Saɓa umarni ne, daidai da ƙin fita fareti ko barin wurin gadi. Horon kan fara daga jan kunne da takardar gargaɗi, ya wuce zuwa hana ƙarin girma, rage albashi da sallama daga aiki, wani lokaci har ya kai ga kotun soja. Ƙasar da aka fi tafka muhawara a kan lamarin ita ce Amurka, inda ya taso da ƙarfi sau biyu: a kan rigakafin cutar antiraks daga shekarar 1998, da kuma a kan rigakafin korona daga 2021 zuwa 2023, lokacin da aka sallami sojoji sama da 8,000.

Dalilin tilasta wa soja

Sojoji na kwana ɗaki ɗaya, suna cin abinci wuri ɗaya, kuma ana kwasarsu lokaci guda zuwa ƙasashen da jikinsu bai saba da cututtukansu ba. Cutar da ta shiga bariki ko jirgin ruwan yaƙi tana iya kwantar da bataliya guda ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba. Misali na kusa shi ne na jirgin ruwan dakon jiragen yaƙi na Amurka mai suna Theodore Roosevelt, wanda korona ta ɓulla a cikinsa a watan Maris na 2020. Sama da mutum 1,200 daga cikin ma'aikatansa kusan 4,800 suka kamu, ɗaya ya mutu, jirgin kuma ya yi makonni a tsaye a tsibirin Guwam. Hujjar manyan hafsoshi ke nan a kullum: lafiyar soja ba tasa ba ce shi kaɗai, domin idan ya kwanta wani ne zai ɗauki aikinsa, kuma yana iya shafa wa na kusa da shi.

Saboda haka duk wanda ya shiga sojan Amurka ana yi masa allurai da dama tun a makonnin farko na horon kurata, ciki har da na ƙyanda, hangum, shan inna, sanƙarau, ciwon hanta da mashaƙo. Akwai wasu da ake ƙarawa gwargwadon inda za a tura mutum. Wanda za shi Afirka ta Yamma, kamar sojojin da suka zauna a sansanin Agadas a Jamhuriyar Nijar kafin su fice a 2024, sai an yi masa ta shawara.

Tarihi

Abin mamaki, dokar farko da sojan Amurka ya yi a kan wannan batu ta hana rigakafi ce. A zamanin yaƙin neman 'yancin kai daga Ingila babu allura irin ta yau. Abin da ake yi shi ne a tsaga fatar mai lafiya a sa masa ɗan ruwan ƙurjin mai agana, ya yi ciwon sama-sama ya warke, daga nan ba zai sake kamuwa ba. Matsalar ita ce wanda aka yi wa tsagar yana kwanciya na makonni, kuma yana iya yaɗa cutar. A watan Mayun 1776 George Washington ya ba da umarnin cewa duk hafsan da ya bari aka yi masa tsaga za a kore shi, a kuma buga sunansa a jaridu. Amma a wannan shekarar agana ta ragargaza rundunar da ta tafi yaƙi Kanada, har ta kashe kwamandanta Janar John Thomas. A watan Fabrairun 1777 Washington ya sauya ra'ayi, ya ce a yi wa sojojin da ba su taɓa yin cutar ba tsaga, a ɓoye, don kada abokan gaba su san yawan waɗanda ke kwance.

Sai kuma taifot. A yaƙin Amurka da Sifaniya na 1898 sojoji sama da 20,000 suka kamu da ita, fiye da 1,500 suka mutu, adadin da ya ninka waɗanda aka kashe a fagen fama. Wannan ne ya sa rundunar sojan ƙasa ta wajabta allurar taifot a 1911. Tarihin bai rasa tabo ba: a 1942 wani rukunin allurar shawara da ya gurɓace ya jawo wa dubun-dubatar sojoji ciwon hanta, kuma masu adawa da tilastawa na yawan kawo wannan misali.

Abin da doka ta ce

Dokar da ke hukunta sojan Amurka ita ce kundin shari'ar soja na bai-ɗaya, wanda aka fi sani da UCMJ, da ya fara aiki a 1951. Babu wani sashe a cikinsa da ya ambaci rigakafi da suna. Ana tuhumar mai ƙin allura ne a ƙarƙashin sashe na 92, wanda ya shafi ƙin bin halaltaccen umarni ko ƙa'ida, ko kuma sashe na 90, wanda ya shafi saɓa wa hafsan da ke gaba da mutum da gangan. Hukunci mafi tsanani na karya umarnin da ya shafi runduna gaba ɗaya shi ne ɗaurin shekara biyu, rasa dukkan albashi da kora mafi muni. Na sashe na 90 ya kai shekara biyar a lokacin zaman lafiya.

Duk shari'ar ta rataya ne a kan kalma guda, wato "halaltacce". Kotunan soja na fara ɗaukar kowane umarni da ke da alaƙa da aikin soja a matsayin halaltacce, kuma wanda ya ƙi bi shi ne zai kawo hujjar cewa ba haka ba ne. Alƙalin kotun ne ke yanke wannan, ba hafsoshin da ke zaman sauraron shari'ar ba, don haka sau da yawa ba a ma barin wanda ake tuhuma ya kawo shaidar illar allurar a gabansu. Ra'ayin mutum ko tsoronsa ba ya zama kariya. Tun a 1965, a shari'ar Chadwell, aka tabbatar da hukuncin wasu sojojin kundumbala biyu da suka ƙi allurar agana, taifot da mura saboda addininsu, bisa hujjar cewa imanin mutum ba ya ba shi damar jefa sauran runduna cikin haɗarin cuta.

A aikace, kaɗan ne ke kaiwa kotu. Kwamanda kan fara kiran sojan ya yi masa bayani, ya tura shi wurin likita, sannan ya ba shi umarnin a rubuce tare da wa'adi. Idan ya dage, sai a sa masa takardar tsawatarwa a fayil ɗinsa. A sojan ƙasa janar ne ke sa wa irin wannan takarda hannu, kuma idan ta shiga fayil na dindindin da wuya mai ita ya sake samun ƙarin girma. Kwamanda yana kuma da ikon yin horo da kansa a ƙarƙashin sashe na 15 ba tare da kotu ba: rage muƙami, yanke rabin albashi har na wata biyu, ƙarin aiki, ko hana fita daga bariki. Soja na iya ƙin wannan hanya ya ce a kai shi kotu, sai dai idan yana aiki a cikin jirgin ruwa. Akwai kuma matakan da ba a kiransu hukunci amma suna ciwo kamar hukunci, irin su cire mutum daga shugabanci, hana shi kwas, hana shi sauyin wurin aiki, da neman ya maido kuɗin garaɓasar da ya karɓa lokacin sabunta kwantiragi.

Ire-iren sallama

A nan ne ainihin nauyin horon yake. Turanci na amfani da kalma ɗaya ga duk wanda ya bar aikin soja kafin ritaya, ko da lambar yabo ya tafi ko daga gadurum, sai a bambanta da siffar da aka liƙa mata. Hausa ta fi sauƙi a nan, tun da tana da "sallama" tana da "kora", kuma wannan maƙala ta bi wannan bambanci. Akwai sallama iri uku da hukumar soja ke bayarwa ba tare da kotu ba: sallamar girmamawa, sallamar gama-gari, da sallamar da babu girmamawa a cikinta. Akwai kuma kora iri biyu da kotun soja kaɗai ke yankewa, ta rashin ɗa'a da ta ƙasƙanci.

Irin sallamar da aka yi wa mutum ana rubuta ta a takardar barin aiki mai lamba DD-214, wadda zai riƙa nunawa duk inda ya je neman aiki ko neman haƙƙin tsofaffin sojoji. Mai sallamar girmamawa yana samun komai. Mai sallamar gama-gari yana samun kulawar asibiti da wasu haƙƙoƙi, amma yakan rasa tallafin karatun jami'a na tsofaffin sojoji, wanda shi ne abin da ya jawo matasa da yawa shiga soja tun farko. Takardar na ɗauke da dalilin sallama da wata lamba da ke nuna ko mutum zai iya komawa aiki. Wanda aka sallama kafin ya cika shekara 20 kuma ba shi da cikakken fansho, ko da shekara 18 ya yi. Sojan da ya kai shekara shida a bakin aiki yana da haƙƙin a saurare shi a gaban kwamitin hafsoshi kafin a sallame shi.

Rikicin allurar antiraks

Antiraks cuta ce ta shanu, tumaki da awaki da kan kama mutum, kuma ana iya mai da ƙwayoyinta makami mai guba. Bayan yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya bayyana cewa Iraƙi ta sarrafa irin wannan makami. A watan Disambar 1997 Sakataren Tsaro William Cohen ya sanar cewa za a yi wa dukkan sojoji rigakafinta, aka fara a 1998. Allura shida ce cikin wata 18, sannan ƙari duk shekara, kuma masana'anta ɗaya ce tak ke yin ta, a garin Lansing na jihar Michigan, wadda ita kanta ta sha samun matsala da masu duba inganci.

Lokacin bai yi wa shirin daɗi ba. Dubban tsofaffin sojojin yaƙin 1991 na fama da wata rashin lafiya da ba a gane kanta ba, kuma da yawa sun zargi magunguna da alluran da aka ba su a fagen daga. Ɗaruruwan sojoji suka ƙi karɓa. An yi wa wasu horon sashe na 15, an sallami wasu, an kuma gurfanar da wasu a kotun soja har da ɗauri na ɗan lokaci. Matuƙa jiragen sama na rundunonin ko-ta-kwana da dama sun gwammace ajiye aiki. A 2001 aka gurfanar da Kyaftin John Buck, likitan sojan sama a sansanin Keesler da ke jihar Mississippi, aka same shi da laifi, aka ci shi tara tare da hana shi fita daga sansani. A 2002 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta sojoji ta yanke cewa tsoron illar allura ba hujja ba ce ta ƙin umarni. A wannan shekarar ce kuma Cibiyar Nazarin Lafiya ta Amurka ta fitar da rahoton da ya ce allurar tana aiki kuma haɗarinta bai wuce na sauran allurai ba.

Nasarar da masu ƙi suka samu daga kotun farar hula ta zo, kuma a kan ƙa'idar lasisi ce, ba a kan illa ba. Wata doka ta 1998 ta hana a ba soja maganin da ke matakin gwaji, ko a yi amfani da magani ta hanyar da ba a amince da ita ba, sai da yardarsa, in ba shugaban ƙasa ne da kansa ya ɗage sharaɗin ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA ta san allurar da lasisi tun 1970, amma masu ƙara suka ce ba a tabbatar da ita a kan antiraks ɗin da ake shaƙa ta iska ba, wanda shi ne abin da sojoji ke tsoro. A shari'ar Doe da Rumsfeld, Mai shari'a Emmet Sullivan na birnin Washington ya dakatar da tilastawar a watan Disambar 2003, ya kuma sake hana ta a watan Oktoban 2004 saboda FDA ba ta saurari ra'ayin jama'a ba kafin ta yanke matsaya. Hukumar ta gyara wannan a Disambar 2005, kuma a 2006 Pentagon ta sanar da maido tilastawa ga masu zuwa wuraren haɗari. Waɗanda aka riga aka hukunta ba su amfana kai tsaye ba: a 2006 kotun ɗaukaka ƙarar sojoji ta ce umarnin da aka ba su halaltacce ne a lokacinsa.

Allurar korona

Darasin antiraks ne ya sa Pentagon ta yi jira. Daga Disambar 2020 ana ba sojoji allurar korona bisa zaɓi, domin izinin gaggawa kawai take da shi. A ranar 23 ga Agusta, 2021 FDA ta ba allurar Pfizer cikakken lasisi da sunan Comirnaty, washegari kuma Sakataren Tsaro Lloyd Austin ya wajabta ta a kan kowane soja. Kowace runduna ta sa nata wa'adi: sojan sama 2 ga Nuwamba, sojan ruwa da na kundumbala 28 ga Nuwamba, sojan ƙasa 15 ga Disamba, sannan sojojin ko-ta-kwana na rundunar ƙasa 30 ga Yunin 2022. Mafi yawan sojoji sun karɓa, kusan kashi 98 cikin 100 na masu aikin dindindin. Korona ta kashe sojojin Amurka 96 a tsawon annobar.

Waɗanda suka ƙi sun kawo dalilai daban-daban. Wasu sun ce sun riga sun yi cutar sun warke. Wasu sun nuna rahotannin kumburin tsokar zuciya da aka samu a tsakanin matasa maza bayan allurar, abin da likitocin soja da kansu suka rubuta a 2021, ko da yake ba kasafai yake faruwa ba. Wasu sun tayar da tsohuwar hujjar lasisi, suka ce kwalaben da ke asibitocin soja masu tambarin izinin gaggawa ne, ba Comirnaty ba, Pentagon kuma ta ce ruwan ciki ɗaya ne. Rukuni mafi girma ya dogara da addini, musamman Kiristocin da suka ƙyamaci yadda aka yi amfani da ƙwayoyin halittar da asalinsu daga cikin da aka zubar shekaru da dama da suka wuce wajen gwada alluran. Akwai kuma abin da ba a faɗa a takardar neman uzuri: a lokacin allurar ta riga ta zama alamar ɓangaren siyasa a Amurka.

Sojan sama ne ya fara sallama, mutum 27 a tsakiyar Disambar 2021. A ƙarshen watan Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar kasafin tsaro wadda majalisa ta cusa wa sharaɗin cewa duk wanda aka sallama saboda ƙin allurar kaɗai, sallamar girmamawa ko ta gama-gari za a ba shi. Wannan ya rufe ƙofar kora ta ƙasƙanci, amma bai daidaita rundunonin ba. Sojan ruwa ya riƙa ba da ta girmamawa, sauran kuma suka fi ba da ta gama-gari, har jami'an tsaro suka shaida wa majalisa a Afrilun 2022 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka sallama zuwa lokacin ita suka samu. Ma'ana, mutum biyu sun yi laifi iri ɗaya a wata ɗaya, ɗaya ya tafi da kuɗin karatunsa, ɗaya ya rasa, bambancin kawai launin kakin da suka sa. Rundunar kundumbala, duk da ƙanƙantarta, ita ce ta fi kowa sallama, kusan mutum 3,700. An cire wasu kwamandoji daga muƙamansu, kuma a Mayun 2022 ɗalibai uku na makarantar hafsoshin sojan sama sun karɓi digiri amma aka hana su anini.

Kotun soja ba ta taka rawa sosai a wannan karo ba. Shari'ar da aka fi ambata ita ce ta Laftana Mark Bashaw a Afrilun 2022, kuma shi ma a kan ƙin gwajin korona da ƙin sa takunkumi aka tuhume shi. An same shi da laifi, alƙali bai yanke masa wani hukunci ba, daga baya aka sallame shi.

Uzurin addini a gaban kotu

Dokokin soja sun yarda da uzuri iri uku: na lafiya, na aiki kamar wanda ya kusa ritaya, da na addini. Mai neman uzurin addini zai rubuta buƙata, ya gana da limamin soja da likita, kwamandansa ya rubuta ra'ayinsa, sannan wani babban hafsa ya yanke. Dubban sojoji suka nema. Har ƙarshen 2021 ba a amince da ko ɗaya ba, sai a Janairun 2022 rundunar kundumbala ta amince da biyu. Daga baya ma yawancin waɗanda aka amince musu masu shirin barin aiki ne. A watan Yunin 2022 ofishin babban mai bincike na Pentagon ya yi lissafin cewa kimanin minti 12 ake ba kowace buƙata, abin da ke nuna ana ƙin su ne a dunƙule.

Wannan ya ba masu ƙara makami. Wata doka ta 1993 da ke kare 'yancin addini, wadda ake taƙaita sunanta da RFRA, ta ce gwamnati ba za ta takura wa addinin mutum ba sai da dalili mai ƙarfi, kuma ta hanya mafi sauƙi, tana duba kowane mutum shi kaɗai. Dokar ba ta wanzu a zamanin shari'ar Chadwell ba, kuma ta shafi sojoji. A ranar 3 ga Janairu, 2022 Mai shari'a Reed O'Connor na jihar Texas ya hana rundunar ruwa hukunta wasu zaratan sojoji 35, akasarinsu 'yan rukunin SEAL, yana mai cewa tsarin duba uzurin wasan kwaikwayo ne kawai. Gwamnati ta garzaya Kotun Ƙoli, wadda a ranar 25 ga Maris ta ce rundunar na da ikon la'akari da allurar wajen yanke wanda za ta tura aiki, alƙalai uku ba su yarda ba. Kotun ba ta ce a ci gaba da sallamarsu ba. Cikin watannin da suka biyo baya alƙalai a Texas, Ohio da Florida suka faɗaɗa kariyar ga duk masu neman uzurin addini a sojan ruwa, na sama da na kundumbala. Dubban mutane suka zauna a tsaka-mai-wuya: ba a sallame su ba, ba a kuma tura su ko'ina.

Rikici na daban ya taso a kan sojojin jihohi, waɗanda ke ƙarƙashin gwamnoni muddin gwamnatin tarayya ba ta kira su ba, amma ita ke biyan kuɗin horonsu. A Nuwamban 2021 Gwamna Kevin Stitt na Oklahoma ya sauya kwamandan rundunar jiharsa da wanda ya ce ba zai tilasta wa kowa ba. Kotun tarayya ta ba Pentagon gaskiya a Disamba. Daga Yulin 2022 aka hana dubun-dubatar sojojin jihohi da na ko-ta-kwana zuwa atisaye da karɓar albashinsa. A 2023 wata kotun ɗaukaka ƙara, a ƙarar da gwamnan Texas Greg Abbott ya shigar, ta ce jiha ce ke da ikon hukunta sojanta idan ba ya aikin tarayya.

Soke dokar da mai da waɗanda aka sallama

Majalisa ce ta kawo ƙarshen tilastawar, ba kotu ba. 'Yan jam'iyyar Republican sun ce rashin hikima ne a riƙa sallamar horarrun sojoji a shekarar da rundunar ƙasa ta gaza cika adadin kuratan da take nema da mutum 15,000, suka kuma sa soke dokar ya zama sharaɗin amincewa da kasafin tsaro. Biden ya sa hannu a ranar 23 ga Disamba, 2022, duk da shi da Austin ba su so ba, kuma a ranar 10 ga Janairu, 2023 aka janye umarnin. An dakatar da sallama, aka ce a goge takardun tsawatarwa na waɗanda suka nemi uzuri, waɗanda aka riga aka sallama kuma su nemi gyaran takardunsu. Da yake dokar ta tafi, kotuna suka rufe yawancin ƙararrakin ba tare da an yanke ainihin tambayar ba, wato iyakar ikon RFRA a kan umarnin rigakafi. Janye umarnin bai shafi sauran alluran dole ba.

An buɗe ƙofar komawa, amma zuwa kakar 2023 mutum 43 ne kawai suka koma. A ranar 27 ga Janairu, 2025 Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin a mai da waɗanda aka sallama kan muƙamansu tare da biyansu albashin baya. Ƙa'idojin da suka biyo baya sun ce za a cire abin da mutum ya samu a aikin farar hula daga kuɗin, kuma sai ya yi alkawarin ƙarin shekara huɗu a bakin aiki. Ga wanda ya riga ya sami aiki mai kyau ya kafa iyali a wani gari, abin da zai rage bayan cirewar ba lallai ya kai ya tayar da shi ba.

A wasu ƙasashe

Kanada ta bambanta da Amurka domin dokar tsaronta, a sashe na 126, ta ambaci ƙin rigakafi ba tare da uzuri mai ma'ana ba a matsayin laifi na kansa. A ƙarƙashinsa aka tuhumi Saje Michael Kipling, wanda ya ƙi allurar antiraks a Kuwaiti a 1998. A 2000 alƙalin soja ya dakatar da shari'ar bisa hujjar cewa allurar da aka so yi masa na da haɗari, kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan hukunci ta ce a sake shari'a, daga ƙarshe rundunar ta janye tuhumar. A lokacin korona Kanada ta bi hanyar sallama, ta sallami kusan mutum 300 kafin ta sassauta dokar a Oktoban 2022.

A Jamus dokar sojoji ta wajabta musu haƙurin karɓar matakan kariya daga cututtuka masu yaɗuwa. An sa korona a jerin alluran dole a Nuwamban 2021, kuma a Yulin 2022 babbar kotun harkokin mulki da ke Leipzig ta yi watsi da ƙarar wasu hafsoshin sojan sama biyu, amma ta ce dole ma'aikatar tsaro ta riƙa sake duba buƙatar hakan. An gurfanar da wasu sojoji a kotunan farar hula da laifin ƙin bin umarni, aka ci wasu tara, sannan aka janye tilastawar a Mayun 2024. A New Zealand wata babbar kotu ta soke umarnin gwamnati na tilasta wa 'yan sanda da sojoji a Fabrairun 2022. Birtaniya kuwa ba ta tilasta wa sojojinta: ana ba su shawara a nemi yardarsu, kamar yadda aka yi da allurar antiraks kafin yaƙin Iraƙi na 2003, sai dai wanda ya ƙi yana iya rasa damar zuwa wasu wuraren aiki, musamman ƙasashen da ba sa barin kowa ya shiga sai da katin rigakafi.